Hutun Disamba a Alƙahira da iyali: yadda za a raba kwanaki tsakanin gidajen tarihi da wuraren cin abinci

Maman Hanifa, Unguwar Dosa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Iyali mai mutum biyar, manya biyu da yara uku, ƙaramar shekararta 6, za su yi kwana bakwai a Alƙahira a hutun ƙarshen shekara. Ba asibiti ba ne, ba sari ba ne, gidajen tarihi da abinci kawai ake so. Don Allah waɗanda suka san garin, da me za a fara, kuma me ke ɓata wa mutane tafiya?

Alhaji na Barnawa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tun daga nan Kaduna tafiyar take gyaruwa ko ta lalace. EgyptAir na tashi daga Abuja da Kano kai tsaye, awa huɗu da rabi zuwa biyar. In ta Abuja ne, a hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu kwana ɗaya kafin tashi, a kwana a can. Kada a haɗa jirgin ƙasa da jirgin sama a yini guda, jinkirin awa biyu ya isa ya cinye kuɗin tikitin mutum biyar. A nemi biza a ofishin jakadancin Masar da ke Abuja da wuri, ba saura mako biyu ba. Kowa, har ƙaramar, ya riƙe katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, don ana tambayar wanda ya fito daga Najeriya.

Sai magani. Masar ba ta wasa da tramadol da kodin, laifi ne babba a can. Duk maganin da za a ɗauka ya kasance cikin kwalinsa, da takardar likita. Kuma kada a karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ƙunshin yaji ne aka ce.

Ɗan Rigasa:
Alhaji ya bar babba: katin banki. Manyan wuraren tarihi a Alƙahira sun daina karɓar tsabar kuɗi a tagar tikiti, sai Visa ko Mastercard. Katin naira yakan ƙi aiki a waje, ko a tarar an sa masa iyakar da ba za ta ɗauki tikitin mutum biyar ba. A tafi da katin asusun dalar Amurka, a gwada shi tun a gida, kuma a riƙe na biyu daga wani banki. Tsabar kuɗi kuma a tafi da dalar Amurka sababbi marasa yagewa, a canza zuwa fam, kuɗin Masar, a banki, don babu mai canza naira a can. A riƙa neman ƙananan takardu na fam 10 da 20, su ne na banɗaki da ɗan ihsanin da suke kira bakshish.

Yaran da ke makaranta a tafi musu da katin shaidar ɗalibi. Farashin baƙo ya ninka na ɗan ƙasa sosai, amma ɗalibi rabin kuɗin babba yake biya a yawancin wuraren.

Hajiya ta Unguwar Sarki:
Ƙanwata Maman Hanifa, ki kula da sanyi. Mutane suna jin an ce Masar sai su ɗauka zafi ne kullum. A Disamba da Janairu da rana yakan kai digiri 19 zuwa 20, da dare ya sauko 9 ko 10. Za ki ce ai hunturun Kaduna ma yana kaiwa haka. Bambancin shi ne iskar da ke tasowa daga kogin Nilu tana da danshi, kuma gidajensu na tayil ne, an gina su don zafi, babu abin ɗumama ɗaki. Kafin ki biya masauki ki tambaya abu biyu: na'urar sanyaya ɗakin tana juyawa ta ba da ɗumi, kuma ruwan zafi yana zuwa kowane lokaci? Kowane yaro rigar sanyi mai kauri ɗaya, ta ciki mai dogon hannu biyu, safa, da takalmi rufaffe wanda ya saba da ƙafarsa. Sabon takalmi shi ke kawo kanta tun rana ta biyu.

Abin da ya fi sanyin muhimmanci gajartar yini ce. Magariba wajen ƙarfe 5 take faɗuwa, yawancin wuraren suna rufewa 4 ko 5, tagar tikiti kuma tana riga su. Agogonsu a wannan lokacin yana gaban namu da awa ɗaya. Wanda ya fita ƙarfe 11 ya riga ya yi asarar rabin yini.

Dakta na Malali:
Ga ƙa'idar da zan tsaya a kai: babban gidan tarihi ɗaya a yini, da safe, sannan abin da ke kusa da shi da ƙafa bayan an ci abinci. Cunkoson motocin Alƙahira ba ya barin a tsallaka gari sau biyu. Don haka a raba garin gida huɗu: Giza, Tahrir, Fusɗaɗ, da tsohon birnin Musulunci.

Giza kwana biyu take so. Ɗaya na dalolin, ɗaya na Babban Gidan Tarihin Masar, wanda ake kira GEM, da aka buɗe a hukumance ranar 1 ga Nuwamba 2025. Tsakaninsu kilomita 2 ne kacal, shi ya sa mutane suke haɗa su a yini guda, kuma a nan yara suke karyewa. Ana sayen tikitin GEM a shafinsu na intanet, a zaɓi rana da lokacin shiga. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara shi ne ƙololuwar zuwan baƙi, a saya tun daga Kaduna, a ɗauki lokacin farko na safe.

Da shiga za a ci karo da mutum-mutumin Ramsis na biyu, tsayinsa mita 11, nauyinsa tan 83. Kowa a nan yake tsayawa ɗaukar hoto. Ku wuce shi, kuna dawowa. Ku hau kai tsaye zuwa ɗakunan kayan Sarki Tutankamun kafin manyan motocin 'yan yawon buɗe ido su iso. Kayan kabarinsa sama da 5,000 da aka gano a 1922 suna nan wuri guda, har da fuskar zinaren da ta haura kilo 10. Wannan sashen kaɗai awa ɗaya da rabi ne. Daga nan a huta, a sha ruwa, sai ginin jirgin ruwan Sarki Kufu mai babbar dala, na katako, tsawonsa ya haura mita 40, yara suna son sa fiye da gumakan dutse. Manyan ɗakunan goma sha biyu kuma a zaɓi uku ko huɗu. Ba a gama su da yaro ɗan shekara 6.

Ɗan Rigasa:
Dakta, tunda an kwashe kayan Tutankamun zuwa GEM, ni ban ga dalilin ɓata yini a tsohon gidan tarihin Tahrir ba. A soke shi, a ƙara wa yara ranar hutu.

Dakta na Malali:
Ban yarda ba, ƙanena. Ba yini zai ci ba, awa biyu ne, kuma abin da ya rage a ciki ba ƙarami ba ne. Ginin tun 1902 yake. Allon dutse na Sarki Narmar yana can, wanda ya haura shekara 5,000. Dukiyar sarakunan Tanis tana can, da akwatin gawa na azurfa zalla da fuskar zinare ta Sarki Susanis na ɗaya. Kayan kabarin Yuya da Tuya ma suna can. Yanzu da taro ya koma Giza, ana iya tsayawa a duba abu a tsanake. Kuma tashar Sadat ta metro, jirgin ƙasa na cikin gari, tana bakin ƙofarsa, gidajen koshari na tsakiyar gari kuma tafiyar minti goma ne da ƙafa. Matsalarsa ɗaya, bayanan da ke jikin kayan tsofaffi ne, wasu babu ma. A nan ne kuɗin ɗan jagora yake da amfani. A ɗauki mai katin lasisi a wuya, a yanke kuɗi da tsawon lokaci kafin a taka ƙofa.

Maman Hanifa, Unguwar Dosa:
Na gode Dakta. To gawar Fir'auna fa, a wanne take? Yaran ita suka fi tambaya.

Malam na Tudun Wada:
Hajiya, ba ta GEM, ba ta Tahrir. A nan mutanenmu da yawa suke kuskure, su biya tikiti su fito ba su gani ba. Gawawwakin sarakuna 22, maza 18 da mata 4, an mayar da su Gidan Tarihin Wayewar Masar da ke Fusɗaɗ a watan Afrilu 2021. Suna ƙasa, a wani zaure mai duhu, ana bi layi ɗaya, an hana ɗaukar hoto, kuma masu gadi suna sa ido. Ramsis na biyu yana ciki, da mahaifinsa Seti na ɗaya, da Sarauniya Hatshebsut. Ta Tutankamun kuwa tana kabarinsa a Luksor.

Sai dai a yi wa yara bayani da gaskiya. Fir'auna laƙabin sarauta ne, sarakuna da yawa sun riƙe shi. Alƙur'ani bai ambaci sunan na zamanin Annabi Musa, alaihis salam, ba. Wasu masu bincike sun karkata ga Ramsis na biyu, wasu ga ɗansa Marnabtah, kuma babu rubutu a zauren da ya ce ga shi. Kada ɗan jagora ya nuna gawa ɗaya ya rantse, yaro ya dawo Islamiyya yana faɗa a matsayin tabbas. Wa'azin da ke cikin ganin masu mulkin da suka shuɗe yana nan ko ba a san wanne ne ba. Ƙaramar kuma a lura da ita, fuskokin a buɗe suke, da gashi da haƙora. In ta tsorata, babba ɗaya ya tsaya da ita a babban zauren sama, akwai mahmal, wato rumfar da ake ɗora wa raƙumi a ayarin da ke raka rigar Ka'aba daga Masar.

Ɗan Rigasa:
Malam, amma ai an ce an sami gishirin teku a jikin Ramsis, shi ne hujjar nutsewa.

Malam na Tudun Wada:
Gishiri yana jikin dukkansu. Da kanwa suke busar da gawa, ana binne ta a ciki kusan kwana arba'in kafin a naɗe. Samun gishiri a jikin gawar da aka yi wa haka ba ya nuna yadda mai ita ya mutu.

Anti Ladi, Sabon Tasha:
Tunda an zo Fusɗaɗ, kada a juya ba a shiga unguwar Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, ba, ƴar tafiya ce a mota. In ta metro ne, tashar Mar Girgis a layi na ɗaya tana bakin wurin. Akwai Gidan Tarihin Kibɗawa, da saƙa da sassaƙar katako da tsofaffin littattafai, akwai cocin da aka gina a kan ƙofar ganuwar Rumawa, akwai cocin Abu Sarga inda al'adar Kiristocin Masar ta ce Yesu da Maryamu da Yusufu sun fake. Shiga cocin kyauta ne, gidan tarihin ne ke da tikiti. Masallacin Amru ɗan Asi, na farko da aka gina a Masar, yana nan kusa, da ƙafa ake zuwa. Ga 'yan uwa Kiristoci da za su je: Kirsimetin Kibɗawa ranar 7 ga Janairu ne, ba 25 ga Disamba ba, kuma kafin nan suna azumin barin nama. Tsaro yana ƙaruwa a unguwar a kwanakin, a riƙe fasfo ko kwafinsa.

Malam na Tudun Wada:
Haka ne Anti. Tsohon birnin Musulunci shi ma a ba shi kwana biyu, don a ganina shi ne zuciyar tafiyar ga ɗan Arewa. Rana ta farko a fara da Gidan Tarihin Fasahar Musulunci a Babul Khalƙ. Ba shi da taro, awa biyu sun isa. Bom ɗin da ya tashi a gabansa a Janairu 2014 ya lalata kaya da yawa, aka gyara aka sake buɗewa a 2017. A nemi fitilun masallaci na gilashi na zamanin Mamluk, da butar tagulla mai bakin zakara da ake dangantawa da Halifa Marwan na biyu, da tsofaffin Alƙur'anai na rubutun Kufi. Daga nan a bi ta Babu Zuwaila a shiga titin Mu'izz, kusan kilomita ɗaya zuwa Babul Futuh, a tsaya a ginin Sarki Ƙalawun na 1285 mai makaranta da asibiti. La'asar a Azhar, wanda aka fara ginawa a 970. A gaya wa yara cewa ɗaliban Borno suna da nasu sashen kwana a wannan masallaci tun ƙarnoni da suka wuce, Mansa Musa ya sauka a wannan gari a 1324, kuma Imam Suyuɗi, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina wasiƙar nasiha, a nan aka binne shi a 1505.

Rana ta biyu, ganuwar Salahuddin da safe, a sauko masallacin Sultan Hasan, sai na Ibn Ɗulun na shekarar 879 mai hasumiyar da matakalarta ke zagaye ta waje. Gidan Gayer-Anderson manne yake da shi, tsofaffin gidaje biyu ne da aka haɗa, da tagogin katako da ɗakunan ɓoye. A sa safa mai kauri, daɓen masallatan nan yana da sanyi ƙwarai a hunturu. Kada a sa wannan rana a Juma'a, ana dakatar da ziyara lokacin salla.

Hajiya ta Unguwar Sarki:
An yi tarihi, a zo ga ciki. Karin safe ful ne da ta'amiyya da gurasarsu. Ful wake ne babba da ake dafawa tsawon dare, a sa mai da lemun tsami da kamun. Ta'amiyya kamar ƙosai take, sai dai cikinta kore ne saboda ganyen da ake niƙawa a ciki, kuma da zafinta ake ci. Na rana koshari: shinkafa, adas (wani ƙanƙanin wake), makaroni, waken hummus, miyar tumatir, da soyayyar albasa a sama. A tebur za a ga kwalba biyu. Ɗaya dakka ce, ruwan tafarnuwa da khal, wato binega, ɗaya shatta, ruwan barkono. Dakka cokali biyu, shatta a fara da rabi. Abou Tarek a titin Champollion shi ne sananne kusa da Tahrir, koshari kaɗai suke yi, ana zaɓar girman kwano ne kawai. Ƙarami ya ishi yaro, matsakaici ya ishi babba.

Abincin zama kuma, mulukiyya miyar lalo ce da aka yanka sosai, da romon kaza ko zomo, a soya tafarnuwa a zuba a kai, da shinkafa ake ci. Tattabarar da aka cusa wa shinkafa ko ɗanyar alkama gasasshiya, a yi wa babba odar biyu, naman kaɗan ne. Fatta shinkafa ce da gurasa a romo da nama, tana da nauyi, ba ta dare ba ce. Felfela a tsakiyar gari ya dace da iyali mai son ɗanɗana kala-kala a zama ɗaya. A kasuwar Khan Khalili, El Fishawy na shayi ne da na'ana'a, ba na abinci ba, kuma akwai hayaƙin shisha, kada a daɗe da yara.

Abin da hunturu ya keɓanta da shi kada a bari ya wuce: gasasshen dankalin Hausa a amalanke, miyar adas, sahlab na madara mai kauri da gyaɗa da kwakwa, hummus sham da ake sha a kofi a bakin Nilu, da zoɓo mai zafi, karkade suke ce masa. Lemun zaƙi da gwaiba da rumman lokacinsu ne. Mangwaro ba lokacinsa ba ne, na firiza za a niƙa muku.

Alhaji na Barnawa:
Hajiya, a gaya musu batun lissafi. A gidajen abinci na zama, farashin da ke takarda ba shi ne ƙarshe ba. Ana ƙara kashi 12 na hidima da kashi 14 na haraji, don haka a lissafa ƙarin sama da kwata, sannan ɗan abin ma'aikaci. Ƙananan kwanonin da ake jerawa kafin abinci, salak da ɗahina, wato niƙaƙƙen riɗi, da tsami, ba kullum kyauta ba ne, a tambaya kafin a taɓa. Duk wurin da babu farashi a rubuce, a ji kuɗin tukuna. Nama dai na halal ne a kusan ko'ina, sai dai wasu wuraren a Zamalek da tsakiyar gari suna sayar da giya, mai gudun haka ya leƙa takardar abin sha kafin ya zaunar da iyali. Abincinsu ba yaji, a tafi da yajin gida a roba mai murfi cikin babbar jaka.

Dakta na Malali:
Ni ina ganin a bar abincin titi gaba ɗaya tunda da yara. Gudawar kwana biyu ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na hutun.

Hajiya ta Unguwar Sarki:
Ba gaba ɗaya ba, Dakta. Abin da ke kayar da mutane sananne ne: ɗanyen salak da aka wanke da ruwan famfo, ƙanƙara a lemo, hanta da tsiren amalanke da suka jima a ajiye, da ruwan rake da aka matse aka bari. Ta'amiyyar da aka tsamo daga mai a gabanka, da dankalin da ya fito daga wuta, ba su da wannan haɗarin. Inda matan gari suke layi da yaransu, nan ake saye. Ruwa kuma na gora, a duba murfin.

Dakta na Malali:
Na karɓa, da sharaɗin kwana biyun farko dafaffe mai zafi kawai. A tafi da garin haɗin gishiri da sukari fakiti goma, kowane fakiti a narkar da shi a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa, da zinc na yara. In aka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi, ko yaro ya daina fitsari, asibiti kai tsaye. Zazzaɓi a makon farko kuma a gaya wa likita daga Najeriya aka zo, a nemi gwajin maleriya, don ba ita ce za ta fara zuwa masa a rai ba.

Maman Hanifa, Unguwar Dosa:
Allah ya saka da alheri. Saura masauki, Giza ko cikin gari? Da ranar dalolin.

Ɗan Rigasa:
Cikin gari, Anti, ko Dokki ko Garden City. Giza kwana biyu kawai take buƙata, sauran biyar ta ɗaya ɓangaren suke, kuma da dare ba wurin takawa da yara sosai a can. Zirga-zirga da Uber ko inDrive, farashi a waya, babu ciniki. Lambar mota da alƙaluman Larabci take, a koya wa yara tun yanzu, su za su riƙa gano motar. Mutum biyar ba sa shiga ƙaramar mota ɗaya, a lissafa biyu ko a nemi babba. Metro yana da taragon mata zalla a tsakiya, namiji babba ba ya shiga. Layin waya a saya a filin jirgi da fasfo.

Ranar dalolin a isa wajen ƙarfe 8, amma a sani hazo yakan rufe su da sassafe a hunturu, sai wajen 9 ko 10 yake washewa. Shiga cikin babbar dalar tikiti ne daban, hanya ce matsattsiya da ake hawa a sunkuye, ciki da zafi, a ƙarshe ɗaki ne da akwatin dutse babu komai. Mai ciwon gwiwa ko asma ya haƙura, ƙaramar ma haka. Raƙumi ko keken doki, a yanke kuɗin da fam, na mutum nawa, minti nawa, har da saukewa, kuma a biya bayan an sauka. Wanda ya miƙo kyauta ko ya ɗora wa yaro rawani, a ce la shukran, wato a'a na gode, a wuce. Ba a ɗaukar hoton 'yan sanda ko sojoji, kuma jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi kada ma a sa shi a jaka, a filin jirgi za a ƙwace.

Anti Ladi, Sabon Tasha:
Kafin tafiyar, Maman Hanifa, a kai yaran gidan tarihin da ke titin Ali Akilu a nan Kaduna wata Asabar, su ga kayan Nok, a duba agogo a ga minti nawa ƙaramar take yi kafin ta fara neman zama. Da wannan adadin za a yanka ziyarar GEM gida-gida. Rana ta huɗu kuma a bar ta babu gidan tarihi ko ɗaya, a yi wanki, a kai su lambun Azhar da la'asar. In za a hau kwalekwale mai filafilai a Nilu, a hau ƙarfe 4 da rigunan sanyi a hannu, awa ɗaya, a sauka kafin magariba.